Ranar Da Na Raba Gayya Gida Uku

Kwanan baya na je cajin waya a wani shago kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, don wutarmu ta kwana uku ba ta leƙo ba, sai na tarar da samari huɗu suna gardama a kan wane ne jagoran yaƙin da ya fi kowa tun da aka halicci duniya. Na gyara zama a benci, na ce yau kunnena zai sha daɗi. Ashe ban san zamani ba. Kafin in jingina sandata, ɗayansu ya zaro waya ya latsa, ya karanto musu jerin sunaye daga na ɗaya har na goma, sauran suka ce shi ke nan, suka koma hirar ƙwallo. Gardamar da muka shekara biyu muna yi, su sun kashe ta kafin shayi ya huce. Ban tanka musu ba, don tsoho mai yawan tsoma baki ba ya daɗewa a bencin samari. Amma na dawo gida zuciyata a cushe, domin wannan gardamar ce ta ja mini asarar matar da na so in aura.

A lokacin ina sabon malamin firamare a ƙauyenmu, can gefen Madakiya, da farar riga da gajeren wando da doguwar safa, da biro biyu a aljihun gaba ko da yake ɗaya ba ya rubutu. Kowa Tica yake kirana, har mahaifiyata. Ba mu da agogo sai jirgi. In ya yi kuka da asuba mata su tashi daka, in na yamma ya yi a kora awaki gida, in kuwa ya makara to duk ƙauyen ya makara, kuma ba wanda zai ce laifinsa ne. Yanzu kowa da agogo a tafin hannu, amma ban ga an fi mu cika alkawari ba. Bayan an haƙe citta, aikin yamma shi ne tsaga ta. A zube ta tuli guda a gindin mangwaron ƙofar coci, kowa da 'yar wuƙarsa, a tsaga a kai kan dutse a baza ta bushe. Yajinta ya shiga yatsu, ya shiga hanci, ka ji atishawa daga nan, wani ya amsa daga can. Hannu yana aiki, baki kuwa ba shi da abin yi, to a nan ake yi wa duniya shari'a. A nan ne maganar yaƙi ta samo asali, ban ma tuna wanda ya fara tayar da ita ba.

Kowa da gwaninsa. Katikis ɗinmu, malamin coci, wanda ba ya yarda a ɗauko misali daga wajen Littafi, ya tsaya a kan mutumin nan da ya sallami yawancin rundunarsa gida, ya ci yaƙi da 'yan kaɗan riƙe da tuluna da fitilu. In ka matsa masa sai ya ce ai ba da shi kake gardama ba, da Ubangiji kake yi, daga nan kuma sai kowa ya ci gaba da tsaga. Akwai tsarana guda da muke kira Fayaman, saboda shi ke zuba kwal a tukunyar jirgi, ba ya zuwa gida sai ran hutu. Mutum ne marar yawan magana, amma ya ji labari a bakin abokan aikinsa na wani da ya haye duwatsu masu ƙanƙara da giwaye, ya kuwa riƙe shi gam. Hujjarsa ɗaya ce, kuma ba ya canza ta: duk wanda ya taɓa jan saniya ɗaya ya hau da ita dutsen Kagoro ya san wannan mutum ba wasa ba ne. Ni kuwa ina da wani littafin tarihi mai yagaggen bango da na zo da shi daga kwaleji, a cikinsa na samu nawa gwanin, wani gajeren Bature da ya rinƙa cin ƙasashe kamar ana cin gyaɗa. Na haddace dabarunsa tsaf. Sauri, da raba runduna, da tara ƙarfafa wuri guda a fasa abokin gaba kafin ya farga. Har zane nake yi musu a ƙasa da tsinin wuƙa.

Mutum ɗaya ne bai taɓa sa baki ba, shi ne kuma kaɗai a cikinmu da ya taɓa jin ƙarar harsashi. Baba Saje ke nan, wanda aka kwasa a jirgin ruwa aka kai yaƙin duniya a dajin ƙasar Bama, ya dawo da tabo a wuya da wata tsohuwar rigar sanyi da yake sawa ko ana zafi. 'Yarsa ta biyu nake nema. Ba zan faɗi sunanta ba, jikokinta suna nan cikin gari. Tana koyon aikin jinya a Kafanchan, tana dawowa ƙarshen mako, kuma manyana sun riga sun je gaisuwa an karɓe su. Saboda haka ina so ƙwarai tsohon ya ga irin kan da zai shiga gidansa. Wata yamma, bayan na gama zanena na yi bayani har kumfa ta fito mini a baki, sai na juya na ce, “Baba, ku da kuka gani da ido, ku raba mana gardamar nan.”

Bai ɗaga kai daga cittar ba. Ya ce, “Tica, wannan mutum naka, ya tafi da soja da yawa?”

Na ce, “Ba su ƙirguwa, Baba.”

“To, ya koma gida da nawa?”

Na ɗan yi tari. Na ce a yaƙin ƙarshe-ƙarshe sanyi ya kashe masa da dama a hanya, amma wannan ba ya rage masa daraja, sai a dubi yawan garuruwan da ya ci.

Ya ce, “Ni ban ga manya-manya ɗin nan ba. Su suna tanti, mu muna cikin ruwa. Wanda na sani, wani kofur ne. Kullum shi ne a baya-bayan layi. In mun tsaya, sai ya taɓa kan kowa da hannu, ɗaya ɗaya, kafin ya sa abinci a baki.”

Na ce, “Wane gari ya ci?”

“Bai ci gari ba.”

Sai na yi dariya. Har yau ina jin sautin dariyar nan a kunnena, kuma ba ta da daɗin ji. Na ce, “Haba Baba, ana maganar waɗanda suka girgiza duniya, ku kawo mana mai igiya biyu? Ai wannan makiyayi ne, ba jarumi ba.” Samari suka taya ni. Katikis ya harare ni, ya ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Baba Saje dai ya ce, “Haka ne, Tica, kai ne ka karanta buku,” ya jawo wata cittar. Na tafi gida ina ganin na ci nasara.

Da damina ta sauka, lokacin noman suruki ya zo. Yaran yanzu ba su san wannan ba, su dai a fesa magani ciyawa ta mutu, a ɗauko 'yan ƙwadago su yi huɗa, wani ma bai san iyakar gonar ubansa ba balle ta surukinsa. A zamaninmu, in kana neman aure, dole ka tara tsararrakinka ku je ku yi wa uban yarinya huɗa, kuma duk tsaranka sai ya zo, mai ƙarfi da marar ƙarfi, don gobe kai ma za ka je nasa. Abin yana da tsari, ba a rubuce ba amma ko yaro ya san shi. A jera layi ɗaya a bakin gona, kowa da garmarsa da kunyarsa, mai ganga a baya, mai ƙaho a gefe. A tashi tare. Wanda ya riga kai ƙarshe ba ya kama sabuwar kunya, sai ya juyo ya taro wanda ke baya, su haɗu a tsakiya. Marar ƙarfi kuwa a kan sa shi tsakanin ƙarfafa biyu, na dama ya ɗan ci masa gefe, na hagu ya ɗan ci masa, ba tare da an ce uffan ba, sai ka ga ya fito tare da kowa yana share gumi kamar shi ya yi duka. Ƙarar garemani ashirin suna sauka lokaci ɗaya, da guɗar mata daga bakin gona, abu ne da in ka taɓa ji ba ka mancewa. Ba a taɓa abinci sai layi ya fito gaba ɗaya.

A cikin tsararrakina akwai Tela, abokina tun muna kiwon awaki. Yana da ciwon fuka, shi ya sa aka koya masa ɗinki. In sanyi ko gajiya ta taso masa da shi, numfashinsa sai ya koma kamar ana busa tsagaggiyar sarewa. Duk gayyar da aka yi, tsakiyar layi ake sa shi.

Baba Saje yana da gona biyu, babba a bayan gida, da ƙarama a ƙetaren rafi. Kowa ya san aikin yini biyu ne. Ni kuwa na ce a yini ɗaya zan gama, a daɗe ana labari. Ana gobe gayya na tara mutanena a aji da yamma, mu ashirin da biyu, na ɗauki alli na zana gonakin a allo. Na raba su gida uku. Ƙarfafa goma sha biyu, ni a gabansu, da ganga da ƙaho, mu fasa babbar gona ta tsakiya. Bakwai su ci ta daga gefe. Uku kuma, har da Tela, su ƙetare rafi su yi ƙaramar. Na kuma soke taryar juna, na ce ɓata lokaci ce, duk wanda ya kai ƙarshe ya kama sabuwar kunya, wanda kuma ya gama rabonsa ya taho inda ake gumurzu. A lissafina, sa Tela tsakanin ƙarfafa biyu asarar ƙarfin mutum biyu ce. Fayaman, wanda ya ɗauki hutu musamman saboda ni, ya ɗaga hannu kamar ɗan aji uku ya ce, “Tica, ba haka ake yi ba fa.” Na ce masa shi ya sa muke nan inda muke, ya bari ya ga aikin ilimi. Ya sauke hannunsa.

Gaskiya, dabarar ta yi aiki, ba zan ɓoye ba. Ban taɓa ganin huɗa da sauri irin ta ranar ba. Samari suka shiga gasa, kowa yana so a ce shi ya fi yawan kunyoyi, mai ganga ya bi mafi sauri maimakon ya bi layi, ƙasa tana tashi baƙa wuluk a bayanmu. Wajen azahar hadari ya haɗu can kan duwatsu, muna ganin ruwa yana zuba a can, mu kuwa yayyafi kawai muka samu, na ce ko sama tana goyon bayana. Biyun da na haɗa da Tela suka gama nasu rabon, suka ji gangarmu ta yi zafi, suka ƙetaro da gudu don kada a yi ba su, kamar yadda na umarta. Kafin la'asar sakaliya mun kai ƙarshen babbar gona. Mata suka rangaɗa guɗa, aka ɗaga ni sama, wani yana ihu yana cewa Janar. Na hango 'yar Baba Saje ita ma, ta sauke tulun kunu daga kai tana dariya. A rayuwata ban taɓa jin na cika mutum kamar wannan lokacin ba.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka fito da tuwon acca da miyar karkashi da naman akuya. Mun wanke hannu ke nan Baba Saje ya dawo daga zagayen gona, da rigar sanyinsa. Ya ce aiki ya yi kyau, kunyoyi sun miƙe, Allah ya sa albarka. Sannan ya tsaya yana dubanmu, leɓunansa suna motsi.

Ya ce, “Tica, ku nawa ne kun zo?”

Na ce, “Ashirin da biyu, Baba.”

“Ƙirga mani.”

Na ƙirga ina murmushi, na samu ashirin. Na sake ƙirgawa, murmushin ya tafi. Babu Tela. Babu Fayaman kuma, ga kwanonsa an zuba masa bai taɓa ba. Wata yarinya ta ce ta ga ya ajiye garma ya nufi rafi da gudu tun ana ɗaga ni sama.

Muka zuba a guje. Tun daga nesa muka ji rafin yana ruri. Ruwan da ya sauka a kan duwatsu ya iso, inda muka saba takawa iya ƙauri ya koma ja, yana tafe da itatuwa. A tsakiyarsa ga Fayaman, ruwa iya ƙirji, ya goya Tela ya ɗaure shi da rigarsa, yana dogara wani reshe yana matsowa taku ɗaya ɗaya. Muka riƙe hannun juna muka shiga, muka jawo su. Tela idanunsa sun juye, leɓunansa sun yi baƙi, numfashin ma da ƙyar ake jinsa. Daga baya muka ji yadda aka yi. Da aka bar shi shi kaɗai, ya ƙi tsayawa don kada a ce shi ya ɓata mini rana, ya yi ta huɗa cikin yayyafi har ciwon ya kayar da shi tsakanin kunyoyi. Ya yi kira, ganga ta hana a ji. 'Yar Baba Saje ce ta ture mu gefe, ta zaunar da Tela ta jingina shi da gwiwarta, ta sa aka kawo ruwan zafi da bargo, tana ba da umarni ba ta ko dubi inda nake ba. Aka ɗora shi a keke, mutum biyu suna riƙe da shi, aka tura har asibiti a Kafanchan. Tuwon nan karnuka da kaji suka ci shi.

Tela bai mutu ba, mun gode wa Allah. Ya yi makonni a kwance, ya tashi, amma bai sake riƙe garma ba har ƙarshen ransa. Da na je duba shi, abin da ya fara tambayata shi ne ko an ƙarasa ƙaramar gonar. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na zauna a bakin gadonsa na yi kuka kamar ba ni ne mai biro biyu ba, shi kuma yana ba ni haƙuri.

Na yi zaton Baba Saje zai mayar wa manyana da kayan gaisuwa. Bai yi ba. Da kawuna ya je jin matsayi, ya ce masa an yi noma, al'ada ta cika, shi ba shi da ƙara a kan kowa, yaro ne kuma ya yi kuskure irin na yara. Ya ce sauran magana tana hannun mai ita. Ko sau ɗaya bai tuna mini da dariyar gindin mangwaro ba, ko da ido. Wannan ya ba ni ƙarfin gwiwa. Na ce tunda tsohon bai riƙe ni ba, ai ita mai sauƙi ce.

Ran Lahadi bayan sujada na tare ta a hanyar rijiya. Na shirya jawabi mai tsawo, na fara, ta bar ni na kai har ƙarshe ba ta katse ni ba. Na ce na yi nadama, na ce na koyi darasi, na ce ko wane jagora yana da ranar tuntuɓe. Ta sauya wa bokitinta hannu.

Ta ce, “Tica, ni ban ƙi ka ba. Kana da kai, kana da zuciya kuma, na ga kukan da ka yi a asibiti. Amma ranar nan ina kallon ka tun safe. Ko sau ɗaya ba ka juya baya ba.”

Na ce ai aiki ne ya ɗauke mini hankali.

Ta ce, “Na sani. Aure ma aiki ne. Wata rana zan yi ciki, wata rana zan yi ciwo, wata rana zan tsufa. Ina tsoron ranar da ni ne zan zama a ƙetaren rafi, kai kuma ganga yana maka daɗi.”

Ta ce in gaida Mama, ta wuce.

Na yi shekara guda ina aika mutane, har Katikis ya je mini sau biyu, amsar ba ta canza ba. Bayan girbin shekara ta biyu aka yi shelar aurenta a coci, da Fayaman. Ba ƙwace ya yi mini ba, sai da ya zo har gida ya tambaye ni ko na haƙura, yana ta murza hularsa, na ce masa ya je Allah ya ba da zaman lafiya. Noman surukinsa ma na je, don ni tsaransa ne, na kama kunyata a layi kamar kowa. Ranar ɗaurin auren kuwa ni na tsaya gaban mawaƙa ina kaɗa musu hannu, saboda duk ƙauyen ba wanda ya iya karanta waƙa sai ni. Mun rera da kyau, mutane sun yaba. Suka shige ta gabana suka fita, ita da shi, ina riƙe da murya ta uku don kada maza su kauce.

Daga baya na yi aure, na sami mace ta kirki, mun haifi 'ya'ya mun aurar, ba ni da abin da zan ce wa Allah sai godiya. Su ma sun yi zamansu a gidajen ma'aikatan jirgi har ya yi ritaya, kuma ban taɓa jin an ce ta kwana da yunwa ko ta yi jinya ita kaɗai ba. Shekarun nan duka na sha juya maganar hanyar rijiya a raina, ina neman inda zan ce ta yi mini rashin adalci. Har yau abin yana yi mini ciwo, kuma har yau ban gano inda ta yi kuskure ba.